KUƊIN MAKARANTA DA MASU SU: TARIHIN BAYAR DA BA'ASI DAGA ZAMANIN EN'E ZUWA YAU A GWIWA DA ƘASAR KAZAURE

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tambaya guda ɗaya a cikin tarihin ilmin zamani na yankinmu, wato Gwiwa, Roni, Kazaure da maƙwabciyarmu Ɓaɓura. Tambayar kuwa ita ce, wa ake yi wa bayanin yadda aka kashe kuɗin makaranta? Na yi aikin gwamnati tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa bayan kafa Jihar Jigawa, kuma abin da na fahimta daga aikin ofis da nazarin tarihi shi ne, ba a taɓa rasa lissafi a kan kuɗin ilmi ba. Kullum akwai littafin kuɗi, akwai bauca, akwai mai bincike. Sai dai a kowane zamani lissafin sama yake hawa, daga ƙauye zuwa wurin Razdan, ko Kaduna, ko Legas, ko Dutse da Abuja. Da wuya ya sauko wurin uban yaron da aka tara kuɗin da sunansa. Na rubuta wannan ne domin malaman makaranta da dattawan gari, saboda su ne suka fi kowa kusa da aji, su ne kuma za su iya juyo da lissafin nan ya fuskanci masu shi.

Baitulmali da Asalin Kuɗin Jama'a

Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, ta gaji tsarin tara zakka da kuɗin ƙasa irin na sauran masarautun Daular Sakkwato. Malaman jihadi ba su ɗauki maganar dukiyar jama'a da wasa ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ɗora wa talakawa harajin da shari'a ba ta sani ba a cikin laifuffukan sarakunan da suka gabata, har da jangali. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin ya nuna wa masu mulki iyakar haƙƙinsu. Ashe ke nan tunanin cewa shugaba wakili ne a kan dukiyar jama'a ya riga zuwan Bature ƙasar nan.

Abin da Turawa suka kawo bayan cin Kano a 1903 shi ne rubutaccen tsari. Dokar haraji ta 1906 ta haɗe kuɗaɗen da ake karɓa iri-iri ta mayar da su haraji da jangali. Daga nan aka fara gwada Baitulmali a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Bature Palmer, kuma zuwa 1911 tsarin ya bazu a sauran masarautun Arewa. Sarki da hakimai da alƙalai suka koma karɓar albashi. Da farko rabin abin da aka tara ne yake zama a Baitulmalin En'e, rabi kuma ya tafi wa gwamnatin mulkin mallaka, daga baya aka ƙara kason manyan En'e-En'e da suka nuna ƙwarewa wajen riƙon kuɗi.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda kuɗin suke tafiya a wancan lokaci. Bayan damina malamin haraji yakan zaga a ƙidaya magidanta da baligai, a yanka wa kowane gari abin da zai biya. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali a hannun Ma'aji. Duk wanda ya biya ana ba shi rasit, kuma mutum yakan adana takardar nan kamar laya, domin idan dogari ko ɗan doka ya tare shi a hanyar kasuwa ita ce za ta cece shi. Kowace shekara En'e takan tsara kasafinta, Razdan ya duba ya amince, Di'o kuma idan ya fito rangadi yakan gwada rasit ɗin da ke hannun mutane da kwafin da ke cikin littafi. Dagatai da hakimai da yawa a ƙasar Hausa sun rasa rawaninsu saboda cin kuɗin haraji.

Wannan tsari yana da tsauri, amma fuskarsa ɗaya. Ma'aji yana tsoron Di'o, Di'o yana tsoron Razdan, babu mai tsoron talaka. An koya wa manomi ya tabbatar da cewa ya biya, ba a taɓa nuna masa abin da aka yi da kuɗin ba.

Makarantun En'e

Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai, sannan aka sami makarantun midil a hedikwatocin larduna wajen 1930. Makarantun elementare kuwa na En'e ne. Daga Baitulmali ake gina su, daga nan ake biyan malamai, a sayi allo da alli da littattafai. Wato dai gyaɗa da gero da shanun talakawa ne suka gina ajin farko a kowace gunduma ta ƙasar Kazaure, ko da yake ƙaramar En'e irin tamu ba ta da ƙarfin Kano ko Katsina, shi ya sa makarantun suka kasance tsiraru.

Akwai wani dalili da ya sa iyayenmu ba su tambayi lissafin makaranta ba, ban da tsoron hukuma. Yawancinsu ba sa son makarantar. A kan umarci hakimi ya kawo yara kaza, shi kuma ya raba wa dagatai, sai masu hali su ɓoye 'ya'yansu a tura na marasa galihu. Mutumin da yake ganin an ƙwace masa ɗa daga gona da makarantar allo ba zai damu da ko rufin ajin yana yoyo ba. Haka aka taso ana kiran makaranta ta sarki ko ta gwamnati, alhali kuwa da guminsu aka yi ta.

Shekarun 1950 da 1960

A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka girgiza wannan tsari. A Kano aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ta mayar da zaluncin haraji da jangali babban abin yaƙinta. A majalisar Kaduna kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa tsohon hedimastan Midil ta Bauci ne, ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa mulkin En'e garambawul, yana kukan cewa talakawa ba su da ta cewa a cikin al'amuran da suka shafe su. Daga cikin sakamakon wannan yunƙuri aka sami Dokar En'e ta 1954 da majalisun gundumomi da na ƙauyuka, inda a karon farko wasu zaɓaɓɓun wakilai suka fara jin ana karanta alƙaluman kuɗi a gabansu.

A ɓangaren ilmi, gwamnatin Sardauna ta ɗauko wani masani daga Ingila mai suna Oldman ya duba yadda za a faɗaɗa ilmin firamare. Rahotonsa na 1961 ya haifar da dokar ilmi ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilmi na yankuna domin su riƙe makarantun firamare da asusunsu. Hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da malamai suka sani a yau daga nan ta samo asali.

A daidai wannan lokaci ne aka yi binciken kuɗi mafi shahara a tarihin En'e, wato wanda Bature Muffett ya gudanar a kan En'en Kano daga 1962, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Masana tarihi sun bambanta a kan yawan siyasar da ta shiga cikin al'amarin. Abin da ya shafi maƙalarmu shi ne, ko a wannan babban bincike ma, gwamnatin Kaduna ce ta tambaya kuma ita aka ba amsa. Masu biyan haraji sun ji labari ne kawai a rediyo da bakin kasuwa.

Shirin UPE da Kwararowar Kuɗin Mai

An kafa Jihar Kano a 1967, ƙasar Kazaure tana cikinta. Gwamnatocin soja suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e baki ɗaya. A watan Satumba na wannan shekara ce gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana.

Babu mai musun alherin wannan shiri a yankinmu. Garuruwa da ƙauyuka da yawa a ƙasar Gwiwa da Roni a lokacin suka fara ganin ginin makaranta, kuma mafi yawan ma'aikatan da muke da su a yau 'yan UPE ne ko ɗalibansu. Amma an yi aikin cikin gaggawa. Kuɗin daga Legas suke zuwa, daga ribar man fetur, a ba da kwangilar azuzuwa a ofis ga mutumin da garin bai taɓa gani ba. An horar da malamai cikin hanzari an tura su aji. Mutanen gari sukan wayi gari su ga mota ta sauke bulo da kwano, ba su san nawa aka ware ba, ba su san azuzuwa nawa aka biya ba, saboda haka ba su da ma'aunin da za su gane ko an cika aiki. Gine-gine da dama na wancan zamani iska ta yaye rufinsu tun kafin 'yan ajin farko su kammala.

A watan Oktoba na 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Wannan mataki ya sauke wa talakawa nauyin da suka daɗe suna kuka da shi, kuma waɗanda suka ga yadda ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji ba za su so a koma ba. Sai dai a wurin mai nazarin tarihi, akwai abin da ya tafi tare da rasit ɗin nan. A da mutum ya san da hannunsa ya ƙirga sulalla ya miƙa, saboda haka ko bai tambaya ba, a zuciyarsa ya san akwai kuɗinsa a Baitulmali. Bayan 1979 sai kuɗin hukuma suka zama abin da ke saukowa daga sama kowane wata. Daga nan maganar nan ta kama bakin mutane, wai dukiyar gwamnati ba ta kowa ba ce. Aikin da hukuma ta yi ya koma kyauta da ake godiya a kai, wanda aka yi wa kyauta kuwa ba ya tambayar farashi.

Jeka-ka-dawo Tsakanin Hukumomi

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga ɗaukar nauyin firamare, aka bar jihohi da ƙananan hukumomi da kaya. Malamai a sassa da yawa na ƙasar nan suka shafe watanni babu albashi. Domin magance wannan, gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantu kacokan ga ƙananan hukumomi, albashi ya sake tsayawa, yajin aiki ya yawaita. A 1993 aka sake dawo da hukumar tare da hukumomin firamare na jihohi, aka koma cire albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi tun kafin ya iso hannunsu. A tsakiyar wannan kai-komo ne aka kafa Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, da hedikwata a Dutse.

Cikin shekaru biyar an sauya mai riƙe da makarantar firamare har sau uku. Illar wannan ga bayar da ba'asi a bayyane take. Idan uba ya je ƙaramar hukuma da kukan babu kujeru, sai a ce masa an cire kuɗin daga sama. Idan ya kai kukan jiha, sai a ce firamare ta ƙaramar hukuma ce. Kowa yana da hujja a rubuce, aji kuma yana nan ba kujera.

A cikin waɗannan shekaru na taɓa kasancewa cikin wani ayarin duba ayyuka a wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba. Takardun da aka ba mu a ofis cikakku ne, bauca da sa hannu da takardar shaidar kammala aiki na gyaran azuzuwa biyu. Da muka isa garin sai muka tarar an yi wa bango fenti ta waje, ciki kuwa daɓen ya farfashe, tagogi babu ƙyaure. Hedimastan ya ce shi dai ya ga masu fenti sun zo sun tafi. Dagacin garin, wanda ya girme mu duka, ya ce da mu, “'Ya'yana, da an gaya mana har da daɓe da tagogi aka biya, da ba su bar garin nan ba sai sun yi.” Mai binciken da ke zaune a hedikwata takarda yake dubawa, takarda kuwa ba ta nuna daɓe. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shirin UBE da Tsarin da Ake Kai

A ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce ilmin firamare da shekaru uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. Ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na tarayya domin tallafa wa jihohi ta hannun hukumar UBEC. Kafin jiha ta karɓi kason gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, shi ya sa a shekaru da dama biliyoyin naira suka yi ta zama a Abuja saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba. A jiha hukumar SUBEB ce ke riƙe da shirin, a ƙaramar hukuma kuma akwai sakataren ilmi da ma'aikatansa.

Saboda haka kuɗin makarantar firamare a Gwiwa ko Korayel ko Buntusu ta hanyoyi uku suke zuwa. Albashin malamai yana fitowa ne galibi daga kason ƙananan hukumomi. Gine-gine da kujeru da littattafai suna zuwa daga haɗin gwiwar tarayya da jiha. Sannan akwai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa da tallafin ƙungiyoyin waje, da ɗan abin da iyaye ke tarawa. Kowace hanya da masu bincikenta. Akwai babban mai binciken kuɗi na jiha da na ƙananan hukumomi, akwai kwamitin majalisar dokoki mai duba asusun gwamnati, akwai kuma hukumar tantance kwangiloli da sa ido kan ayyuka ta Jihar Jigawa. Duk waɗannan suna da amfani, amma har yanzu rahotonsu sama yake tafiya.

Sabon abu a tarihin nan shi ne kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC. Majalisar ilmi ta ƙasa ta amince da kafa shi a kowace makaranta a tsakiyar shekarun 2000, kuma Jigawa tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya taimaka wajen horar da waɗannan kwamitoci daga 2008. A cikin kwamitin akwai mai gari ko wakilinsa, hedimasta, malamai, iyaye maza da mata, malaman addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, har da wakilan yara. Tun daga 1911 ba a taɓa ba mutanen gari kujera a hukumance a kan al'amarin makarantarsu kamar wannan ba. Inda kwamitin ya yi ƙarfi an ga yara sun dawo aji, an ga malamai sun rage fashi. Rauninsa shi ne sau da yawa ana tunawa da shi ne idan ana neman gudummawar gyaran rijiya ko katanga, ba a kiransa ranar da ake ba da kwangila.

Shin Har Yanzu Kuɗinmu Ne?

Wani zai ce tunda an daina biyan haraji, da wane baki talaka zai tambaya? Amsar ita ce ba a daina biya ba, rasit ne kawai aka daina bayarwa. Harajin kayan masarufi na VAT, wanda aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, ya koma kashi 7.5 a 2020, kuma yana cikin kuɗin katin waya da siminti da kayayyaki da yawa da ake saye a kanti. Mai kai dabba ko hatsi kasuwa yana biyan kuɗin shiga. Ma'aikaci, har da malamin makaranta, ana cire masa haraji daga albashi. Man fetur da ke ƙarƙashin ƙasa kuma tsarin mulki ya ce na tarayya ne, wato na 'yan ƙasa duka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu ya ƙaru, kuma wanda ya biya wannan ƙari shi ne mai hawa mota daga Gwiwa zuwa Kazaure da kuɗin da ya ninka na da.

Dokoki ma sun buɗe ƙofar da kakanninmu ba su samu ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukuma ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi, mai wayar hannu da intanet zai iya dubawa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk yadda aka aiwatar da hukuncin, darasin 1991 yana nan, domin kusantar da kuɗi ga ƙaramar hukuma ba ya gyara makaranta idan jama'a ba su san adadinsu ba.

Darasi Daga Uganda

Akwai ƙasar da ta gwada saukar da lissafi ƙasa aka kuma auna sakamakon. A Uganda, wani bincike da aka yi a 1996 ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ne ke isa gare su, sauran suna maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Yawancin hedimastoci ma ba su san ana aiko musu da wani abu ba. Gwamnati ta fara buga adadin da ta saki kowane wata a jaridu, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a inda kowa zai gani. Da aka sake bincike sai aka tarar a 2001 kimanin kashi 80 cikin 100 suna isa. An yi wasu gyare-gyaren a lokaci guda, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake samun jarida su suka fi amfana. Abin da ya sauya shi ne hedimasta da iyaye sun san abin da ya kamata ya zo.

Abin da Malamai da Dattawa Za Su Iya Yi

Tarihin da muka bi ya nuna cewa abin da ya ɓace a kowane zamani shi ne sani a matakin gari. Saboda haka shawarwarina ba su wuce ƙarfin kowace makaranta ba. Na farko, a sami allo a bangon ofishin hedimasta ko ƙofar makaranta, a rubuta da Hausa yawan ɗalibai, sunayen malaman da ke karɓar albashi da sunan makarantar, da duk kuɗi ko kayan da suka shigo a zangon karatu. Sunan malamin bogi ba ya daɗewa a allon da mutanen gari ke karantawa. Na biyu, duk aikin da za a yi, kwamitin makaranta ya nemi a ba shi bayanin abin da kwangilar ta ƙunsa kafin a sa harsashi, kuma a nemi sa hannun shugaban kwamiti kafin a ce an kammala. Na uku, sau ɗaya a kowane zango a tara iyaye a karanta musu lissafi da baki, domin da yawansu ba sa karatun boko, a kuma tabbatar mata sun ji, ko da a taro na dabam.

Wajibi ne kwamiti da ƙungiyar iyaye da malamai su fara da kansu. Wanda ya karɓi naira ɗari daga hannun iyaye bai rubuta ba, ba shi da bakin tuhumar wanda ya karɓi miliyan. Haka kuma a yi tambaya cikin ladabi da rubutu, ba da zargi ba, domin akwai jami'ai masu gaskiya da yawa waɗanda bayyana lissafi zai wanke su daga zato. Shi kuma hedimasta ma'aikaci ne da ke iya fuskantar canjin wurin aiki idan ya matsa, shi ya sa nauyin tambaya ya fi dacewa da dattawa da masu unguwanni, waɗanda babu mai iya yi musu canji daga garinsu.

Kammalawa

Daga Baitulmalin 1911 zuwa hukumar SUBEB, an sauya sunan mai riƙe da kuɗin makaranta sau da yawa, an kuma sauya wanda yake kai wa rahoto. Manomin zamanin En'e ya san kuɗinsa ne amma ba shi da ikon tambaya. Jikansa na yau doka ta ba shi ikon tambaya da kujera a kwamiti, sai dai an daɗe ana gaya masa kuɗin na gwamnati ne. Aikin da ke gaban malamai da dattawan Gwiwa, Roni, Kazaure da Ɓaɓura shi ne su haɗa waɗannan biyun, su tuna wa jama'a cewa dukiyar tasu ce, su kuma koya musu hanyar neman bayani. Ina kuma kira ga masu nazari daga cikin 'ya'yanmu da su nemi tsofaffin kasafin kuɗin En'en Kazaure a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, su kuma zauna da tsofaffin malaman elementare da na UPE da suka rage a raye, a rubuta tarihin kowace makaranta da yadda aka gina ta tun kafin masu labarin su ƙare. Allah ya sa mu dace.